Gawar Wasa

Inna, wato mahaifiyata, ba ta jin Turanci ko na sayen burodi, amma a shekararta ta farko a New York babu wanda ya kai ta zama gaban talabijin a gidanmu. Ciwon ƙoda ne ya kawo ta. Sau uku a mako, Talata da Alhamis da Asabar, motar asibiti take zuwa da safe ta ɗauke ta daga ƙofar benenmu a unguwar Highbridge, a ɗora mata injin wankin ƙoda, a dawo da ita wajen azahar a galabaice. Sauran ranakun kuwa tana zaune ita kaɗai a hawa na biyar. Ni da maigidana muna shagonmu a unguwar Morrisania, inda muke sayar da atamfa da turare da kayan miya na gida, 'yarmu kuma tana makaranta. Taga ɗaya ce a falon, ita ma bangon wani bene take kallo. Sai na koya mata danna rimot.

Tun watanta na uku ta fara cewa a mayar da ita Kano. Ba da faɗa take faɗa ba. Sai an gama cin abinci, tana wanke hannu, ta ce, "Ni dai a kai ni gida." Ni kuwa na san abin da komawar take nufi. Ana wankin ƙoda a can, ban ce ba a yi ba, amma na san wahalar da ƙanena ya sha kafin mu kawo ta: yau an ce inji ya tsaya, gobe layi ya yi tsawo, jibi ta kumbura har takalmi ba ya shiga ƙafarta. Likitanta na nan ya gaya mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa in ta riƙa tsallake ranaku ba za ta daɗe ba. Saboda haka duk abin da zai mantar da ita maganar tafiya, ko na awa ɗaya ne, ina maraba da shi.

Akwai wata tasha da ba ta nuna komai sai tsofaffin wasannin barkwanci, waɗanda aka yi tun kafin in zo ƙasar nan. Rabin awa rabin awa ne, mutum huɗu ko biyar a falo guda, kowa ya buɗe baki sai ka ji wasu mutane da ba a ganinsu sun kwashe da dariya. A nan Inna ta yada zango. Ta raɗa wa kowa lakabi: akwai mai tumbi, akwai uwar surutu, akwai tsohuwar da ba ta raga wa kowa, wadda ita ce mutuniyarta. In muka dawo da yamma sai ta ba mu labarinsu kamar maƙwabta ne. "Yau mai tumbin nan ya sake ɓata wa matarsa rai, kuma wallahi ita ce da gaskiya." 'Yata, wadda take jin Hausa tsaf amma sai dai ta amsa da Turanci, takan ce ai ba haka aka yi ba, ta fara gyara mata. Inna sai ta ce, "Ƙawata, ke kin ji abin da suka ce, ni na ga abin da suka yi."

Ƙawata take kiran jikarta. Ni kuwa ba ta kirana da komai, don ni ce 'yarta ta fari, kuma Inna ta mutanen da ce: uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Tun ina ƙarama "ke" nake, ko "yarinyar nan", da na haihu kuma na zama "uwar ƙawata". Ƙannena shida, kowanne tana kiran sunansa har da na wasa. 'Yata ta taɓa tambayata ko kakarta ba ta so na ne. Na yi mata bayanin kunya da kara yadda aka yi mini, na ce wannan ma wata irin ƙauna ce. Na yarda da abin da na faɗa, amma ba zan ce abin bai taɓa yi mini ciwo ba.

Abu na biyu da ya kamata a sani game da ita shi ne, a unguwarmu a cikin birni ita ce mai wankan gawar mata. Sama da shekara talatin, in aka yi rasuwar mace, ƙofarmu ake fara bugawa. Takan ɗauki mayafinta da wani ɗan ƙunshi da take ajiyewa a ƙarƙashin gado ta fita. Ba ta taɓa ba mu labarin abin da ta gani ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba.

Duk wanda ya daɗe yana kallon waɗannan tsofaffin wasanni zai lura da wani abu. Kusan kowannensu, in tafiya ta yi nisa, sai an yi kashi guda da za a kwashi mutanen gidan a kai su wani tsohon otal a bayan gari su yi hutun ƙarshen mako, inda aka shirya musu wasan kisan kai. Za a raba wa kowa takarda: kai likita ne, ke matar attajiri ce, kai kuma kuku. Ana cikin cin abinci sai wuta ta ɗauke, wata ta ƙwalla ihu, wuta ta dawo a ga mutum kwance da wuƙar roba a gadon bayansa. Aikin baƙi shi ne su gano wanda ya yi kisan kafin ranar Lahadi. Kullum akwai wani wawa da zai ɗauki abin da zafi, ya riƙa tuhumar kowa har da matarsa. Kullum kuma akwai wanda bai san wasa ake ba, ya rikice ya nemi kiran 'yan sanda. A ƙarshe gawar ta miƙe ta karkaɗe riga, a yi tafi, kowa ya kama hanyar gida. Na ga irin wannan kashi a wasanni daban-daban har ba na iya tuna wanne ne wanne.

Ranar da muka fara ganin irinsa tare da Inna, wata Lahadi ce muna gyaran alayyafo. Da mutumin ya faɗi, masu dariyar nan suka kwashe, sai na miƙa hannu zan canza tasha, don gani nake abin zai ɓata mata rai.

"Bar shi," in ji ta. Ta matso da kujera ta ƙura ido. "Wannan bai mutu ba."

"Inna, ai wasa ne, a cikin labarin ma..."

"Na san wasa ne, ni yarinya ce? Cewa nake ko a wasan bai iya ba. Dubi bakinsa a rufe tsaf, kuma babu wanda ya ɗaure masa haɓa. Dubi ƙafafun a haɗe kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Ƙafar mamaci gefe take faɗuwa, kowace ta kama gabanta."

Abin da ya ba ta haushi shi ne masu rai. Suna tsallake mutumin da kofuna a hannu, suna musu a kansa. "Ko mai rufe shi babu," ta ce, ta yi tsaki. Amma da wawan nan ya yi tuntuɓe da gawar ya kifa cikin miya, sai da ta yi dariya har ta ajiye wuƙa. Kafin a kai rabi ta nuna mai kawo shayi ta ce ita ce ta yi kisan, don ita kaɗai ce ba ta kalli gawar ba tun da aka kunna wuta. Aka zo ƙarshe, ita ɗin ce kuwa. 'Yata ta daka tsalle tana ihu da Turanci wai kakarta ta fi masu binciken ciki.

Daga ranar abin ya zama nasu. 'Yata ta riƙa tono irin wannan kashi daga wasanni iri-iri tana sa mata a kwamfuta, su zauna kafaɗa da kafaɗa, ɗaya tana fassara, ɗaya tana kushe gawa. Wani ya runtse ido da ƙarfi har fatar idon tana rawa, wata ta faɗi amma ta gyara siket kafin ta mutu. Babu wanda ya ci jarrabawar Inna. Wannan ne karo na farko da na ga suna da abin da ya haɗa su wanda ba sai na shiga tsakani ba, kuma maganar Kano ta ja baya. Sai a yi mako guda ba ta ambace ta ba. Na ji daɗi ƙwarai, har na fara ganin kamar na yi dabara.

A lokacin na sha zama a shago, in babu masu saye, ina tunanin abin da ya sa mutanen ƙasar nan suke wasa da mutuwa haka. Amsar da na ba kaina ita ce ba sa ganinta. Wani tsoho a hawa na uku na benenmu ya rasu, ba mu sani ba sai da muka ga katifarsa a bakin titi tana jiran motar shara. A nan ana fitar da mamaci a rufe, a mota rufaffiya, wasu ƙwararru su yi duk abin da za a yi a inda ba ka gani. Mu kuwa tun muna 'yan shekara bakwai makara take wucewa ta ƙofar gida, a ce mu tashi daga hanya. Sai na ce wanda bai saba ganin abu ba shi yake iya mayar da shi wasa, ya ba shi mai laifi, ya warware shi kafin Lahadi. Ina ta wannan nazari ina jin kaina mai hankali, ban lura cewa ni ma na shekara ashirin da ɗoriya ban ga gawa ba. Rasuwar mahaifina ma a waya na ji ta, ina tsaye ina auna wa wata mata garin kuka.

Da 'yata za ta cika shekara sha shida, ta ce ba ta son a kama mata wurin biki. Ƙawayenta shida kawai take so su zo gida ranar Asabar da rana su yi nasu wasan kisan kai. Ita ta rubuta labarin da kanta, ta yanka takardu, ta ba kowa matsayi. Abu ɗaya ya rage, babu mai son zama gawa, don gawa ba ta yin komai sai kwanciya. Ta fara tuntuɓar babanta. Shi mutumin Maradi ne, Hausarsa da ɗan Faransanci a ciki, kuma ba ya son abin da zai ja magana.

"A'a, ni kam ba ni kwantawa," in ji shi. "Bon, ku yi abinku, ni ina shago. Amma Hajiya," ya juyo wurina, "wagga wasa ba tamu ba ce."

Na ce masa ƙauyanci ne yake damunsa, yarinya ta roƙi abu ɗaya a shekara. Ina da saurin baki, na sani, kuma in na riga na yi wa mutum dariya ba na iya komawa in ce yana da gaskiya. Na ce ni zan kwanta.

Na gaya wa Inna cewa yara za su zo su yi wasa irin na talabijin, ta ce Allah ya ba su sa'a. Ban gaya mata ni ce gawar ba. Ba ɓoyewa na yi niyya ba, kawai ban ga dalili ba. Ranar Asabar ce, za ta dawo daga inji a gajiye, kuma ta saba yin barci har la'asar ta yi sanyi. In ma ta fito, matar da take gane gawar ƙarya a talabijin tun kafin ta gama faɗuwa, ni ce zan ruɗe ta?

Yaran suka zo, biyu 'yan Zango, wato Hausawan Ghana, ɗaya 'yar Nijar, sauran 'yan ajinsu ne da ba su san Hausa ba. Aka ja labule, aka soya gugguru. Da lokaci ya yi 'yata ta ce in kwanta a kan kafet kusa da kujera haka nan kawai. Ni ce na ce a'a. Na tuna tsakin Inna na cewa ko mai rufe shi babu, sai na shiga ɗaki na ɗauko zanen gado, kuma wanda hannuna ya fara kaiwa gare shi fari ne. Na kwanta aka lulluɓe ni har kai. Zanen bai kai ƙafata ba. Na saki ƙafafun suka faɗi gefe, kowace ta kama gabanta, don in za a yi abu a yi shi daidai. Har ina jin daɗin cewa na fi na talabijin iyawa.

Kwanciya a ƙarƙashin zane ta fi yadda nake zato gundura. Ina jin su suna tuhumar juna da muryoyin manya, suna tauna gugguru, wata ta taka mini gefen riga. Hancina ya yi ta ƙaiƙayi. Ina cikin lissafin ko shinkafar da na dafa za ta ishe su, sai na ji ƙofar ɗakin Inna ta buɗe, na ji jan silifas ɗinta. Ta tashi da wuri za ta yi alwala. Kafin in yanke shawarar ko in tashi ko in bari ta wuce, buta ta faɗi ƙasa.

Sai ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, sau biyu, da wata murya da ban taɓa sanin tana da ita ba.

Na yaye zanen na miƙe zaune. Tana tsaye ta riƙe ƙyauren ƙofa da hannu biyu, ruwan buta yana bin kafet. Ɗaya daga cikin yaran da ba su san komai ba ta yi 'yar dariya, ta ɗauka wannan ma yana cikin wasan. 'Yan Zangon da 'yar Nijar ɗin suka sunkuyar da kai. Inna ta kalle ni daga sama har ƙasa, sannan ta ja gefen ɗankwalinta ta rufe baki, kamar wadda ta yi ɓarin zance a gaban surukai. Ta juya ta koma ɗaki ta rufe ƙofa a hankali.

Zan faɗi abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Na tsorata, na ji kunya, na tsani kaina. Amma a can ƙasan duk wannan akwai wani daɗi da ya ratsa ni, don shekarata arba'in da bakwai ban taɓa jin sunana a bakin uwata ba, kuma yanzu na san yadda take faɗarsa. Na daɗe ina jin nauyin wannan daɗin, ganin irin abin da ya jawo shi.

Washegari ba ta kunna talabijin ba. Ranar Litinin ta jawo akwatinta daga saman kwaba ta fara ninke kaya. Ba ni ta yi wa magana ba, maigidana ta kira ta ce ya nema mata tikiti. Ya durƙusa ya ce, "Inna, ku yi haƙuri, kuskure ne aka yi." Ta ce ba ta riƙe kowa ba, gida kawai take so. Da ya fito bai ce mini ai na gaya miki ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi, don da na sami wanda zan yi wa faɗa. 'Yata ta yayyaga takardun wasanta ta zuba a shara, ta daina fitowa cin abinci.

Ranar Laraba da safe na ƙi tafiya shago. Na same ta zaune a bakin gado tana jan carbi, akwatin a buɗe a gabanta. Na zauna a ƙasa na ba ta haƙuri, na ce wauta ce, ba za a sake ba. Na ce in ta tafi saboda wannan ba zan taɓa yafe wa kaina ba.

"Ke, ba don kin tsorata ni ba ne," ta ce. "Na san ba ki mutu ba. Idona ya ga zanen yana motsi a ƙirjinki. Bakina ne bai jira idona ba."

"To mene ne, Inna?"

Ta ajiye carbin a kan gado. Sannan ta ce da ta tsaya a bakin ƙofar, bayan ta gane ina numfashi, sai ta dubi ɗakin. Ta ga zane a karkace, ƙafa a waje, kai yana kallon inda ba alƙibla ba, mutane tsaye suna cin abu. Ta san yara ne, ta san wasa ne. Amma sai ta ce a ranta, in ni ce fa? Wa zai san abin da zai fara yi a gidan nan? Ta ce wata mata da suke zama kusa da juna a wurin inji ta gaya mata cewa a nan mutum yana rasuwa za a zo a ɗauke shi a sa a firij, ya kwana biyu ko uku ana jiran takarda, baƙi suna juya shi. "Na wanke matan da ban san adadinsu ba," ta ce. "Ban taɓa barin ko ɗaya ta buɗe ba. Ba na tsoron mutuwa, ita wannan tana tafe. Ina so in faɗa hannun da na sani."

Na ce mata akwai mata a masallacinmu da suke yin wannan aiki, mutanen kirki, masu ilimi, kuma ana yin komai bisa sunna. Gaskiya na faɗa. Ta ce ba ta musa ba, Allah ya saka musu, amma ba ta san su ba, su ma ba su san ta ba.

A nan raina ya ɓaci. Na ce wato za ta bar injin da yake riƙe da ita, ta koma inda muka san abin da zai faru, don kawai a yi mata wanka mai kyau? Za ta rage kwanakinta saboda awa ɗaya da ba za ta ma san ana yi ba? Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Ta bar ni na gama. Sai na ce, cikin fushi, ba don na yi tunani ba, "To ki koya mini mana."

Ta kalle ni. "A gida ba a sa 'ya. Zuciyarta ba ta ɗauka."

"Nan ba gida ba ne, Inna. Nan ni kike da."

Ta ɗauki carbinta ta ci gaba da ja. Na tashi na tafi shago ina kuka a bas, mutane suna kawar da kai.

Ranar Alhamis ta je inji ta dawo. Ranar Juma'a da safe, bayan maigidana da 'yata sun fita, ina ɗaura ɗankwali, sai na ji ta daga ɗaki: "Ke, yau kar ki fita." Ta aike ni in kawo roba babba da buta da tsummoki masu tsabta guda biyu da zane mai kauri. Ta tambaya ko muna da garin magarya a shago. Na ce muna da shi, har da kafur. Shekara da shekaru ina ƙulla wa mata su a leda, ban taɓa tambayar kowa abin da za ta yi da su ba.

Ta sa na shimfiɗa tabarma a tsakiyar ɗakin. Na ɗauka filo za ta sa mu yi gwaji a kansa. Sai ta cire silifas, ta dafa kafaɗata, ta sauka a hankali ta kwanta da kanta, da kayanta a jiki, ta ja zanen ta rufe daga ƙirji zuwa gwiwa.

"Inna, haba."

"Da wa za ki koya? Rufe ƙofa. Abu na farko ke nan, ki rufe ƙofa, kuma duk wadda ba ta da aiki a ciki ta fita."

Babu ruwa a butar, kwaikwayo kawai muke yi. Ta lumshe ido tana ba ni umarni. In naɗe tsumma a hannuna. In ɗago ta kaɗan in shafa cikin a hankali, ba dannawa ba. In yi mata alwala kamar ta salla, amma ba a zuba ruwa a baki, da ɗanyen tsumma ake shafe haƙora da hanci. In fara da dama, in juya ta, sannan hagu. Zanen kada ya gusa ko da yatsa ɗaya, a ƙarƙashinsa hannu yake aiki, ido ba ya bi. Kafur a ruwan ƙarshe. Gashi a tsefe shi, a wanke, a yi kitso uku a sake su baya. Abin da na gani kuma, mai kyau ne ko akasinsa, a ɗakin zan bar shi.

Da na zo juya ta sai na ji yadda ta rame. Matar da take ɗaukar tulu biyu ta zama ba nauyi. Na kama hannunta na hagu, inda allurar inji ta yi mata tabo da kumburi, sai ta ce, "Wannan ki bi shi a hankali, ko a ranar." A nan na kasa. Hawaye suka zubo mini har suka ɗiga a wuyanta.

Ba ta buɗe ido ba. "Kin gani? Shi ya sa ba a sa 'ya. Share fuskarki. In za ki yi kuka ki yi shi kafin ki shigo, ko bayan kin fita. Kuma hannunki ya yi nauyi, ba tukunya kike wankewa ba. Sake daga farko."

Na sake. Sau huɗu muka yi a ranar, tana gyara mini riƙon kai, tana gyara mini juyi, har ta ce to, da dama-dama. Na taimaka mata ta tashi zaune. Ta nemi shayi. Ina fita ta ce in tura akwatin nan ƙarƙashin gado, yana tare mata hanya. Bayan wata guda ta sake sa ni na yi, wai don kar in manta, daga baya kuma ta ce in kai ta ta gaisa da matan masallacin nan, ta ga ko sun san abin da suke yi.

Shekara uku da 'yan watanni ta ƙara yi da mu. Ranar da abin ya zo, da safe ne, a asibiti, kuma ba a kwana ba aka ba mu ita. Mata biyu daga masallaci suka shiga tare da ni, ɗaya tana zuba ruwa, ɗaya tana riƙe zane. Na yi kukana a waje kafin in shiga. Na rufe ƙofa, na naɗe tsumma a hannuna, na fara da dama. Da na zo hannun hagu na bi shi a hankali. Na gama kitso na uku na tsaya, hannuna a kan gashinta, ina jira. Babu wanda ya ce mini in sake.